Bibiyar Bairos ɗin Usutu a Jikin Tsuntsayen Daji da Jemagu a Nahiyar Turai

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayanin hanyoyin da masana ke bi wajen sa ido a kan yaɗuwar Usutu, wani bairos da sauro ke ɗauka, wanda asalinsa Afirka ne amma ya samu wurin zama a Turai. An nuna cewa kowace hanya tana hango wani sashe ne kawai na lamarin, don haka taswirar yaɗuwar cutar takan nuna wuraren da aka bincika fiye da wuraren da cutar take.

1.0 Gabatarwa

A shekarar 1959 aka fara gano wannan bairos a jikin wani sauro a Afirka ta Kudu, aka raɗa masa sunan kogin Usutu da ya ratsa ƙasar da a yau ake kira Eswatini. Dangi ɗaya yake da bairos ɗin shawara da na Yammacin Nilu. Rayuwarsa tana kewayawa ne tsakanin tsuntsu da sauro: macen sauro, galibi daga jinsin Culex, takan sha jinin tsuntsun da ke ɗauke da shi, bairos ɗin ya hayayyafa a jikinta, sannan ta zuba shi a jikin tsuntsun da ta ciza a gaba. Mutum yakan kamu idan sauron ya cije shi, sai dai bairos ɗin ba ya taruwa a jininsa har ya kai yawan da wani sauro zai kwasa ya kai gaba.

An daɗe ana ɗaukar Usutu a matsayin abin da bai taka kara ya karya ba. A Afirka an samu rahoton kamuwar mutum a Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya a 1981, da kuma Burkina Faso a 2004, duka da alamun zazzaɓi. Kallon ya sauya a 2001, lokacin da tsuntsaye suka riƙa faɗuwa matattu a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya da kewayensa. Wanda abin ya fi shafa shi ne wani baƙin tsuntsu mai ruwan ɗorawar baki da ke zama a lambunan gidaje, wanda masana ke kira Turdus merula. A 2009 kuma aka samu mutum biyu a Italiya, masu raunin garkuwar jiki, waɗanda cutar ta taɓa musu ƙwaƙwalwa.

2.0 Bibiya ta Hanyar Matattun Tsuntsaye

Hanya mafi sauƙin kuɗi ita ce tattara gawarwaki. A Jamus, ƙungiyar kare muhalli ta NABU takan roƙi jama'a su ba da rahoton duk baƙin tsuntsun da suka gani matacce ko yana layi ya kasa tashi, su kuma aika da gawar Cibiyar Bernhard Nocht ta nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi da ke Hambug. A ɗakin bincike akan feɗe tsuntsun a duba hanta da saifa, waɗanda sukan kumbura, a ɗebi ɗan yanki daga cikinsu da kuma ƙwaƙwalwa, a yi gwajin PCR mai gano ƙwayoyin halittar bairos. Da wannan hanya aka bi sawun mace-macen da suka auku a kwarin kogin Rayin a 2011, da babbar annobar 2016 da ta game Jamus da Holan da Beljiyam da Faransa, da kuma bayyanar cutar a Landan a 2020.

Amma hanyar tana da gurgunta. Gawar da ta faɗi a tsakar gidan mutum ita ake tsinta. Wadda ta faɗi a daji, kafin gari ya waye dila ko kyanwa sun yi gaba da ita. Haka nan tsuntsun da cutar ba ta kashewa ba ya shiga lissafi, alhali mai yiwuwa shi ne ke yawo da ita. Sannan yawan rahoto yakan ƙaru a duk lokacin da jaridu suka ɗauki labarin, ko da mace-macen ba su ƙaru ba.

Misalin Italiya ya isa hujja. A 1996 tsuntsaye sun mutu da yawa a yankin Tuskani, ba a gane musabbabin ba, aka adana sassan jikinsu. Sai a 2013 aka wallafa sakamakon sake gwada waɗannan sassa, wanda ya tabbatar da cewa Usutu ne. Ashe bairos ɗin ya riga ya shiga Turai shekara biyar kafin abin da ya faru a Biyana, ba wanda ya sani.

3.0 Tsuntsaye Masu Rai da Tarkon Sauro

Domin cike wannan giɓi, akan haɗa kai da masu sanya wa tsuntsaye zobe a ƙafa don nazarin ƙaurarsu. Sukan kafa siririyar raga su kama tsuntsu, a shafo maƙogwaronsa da auduga, wani lokaci a ɗebi ɗigon jini, sannan a sake shi. Gwajin PCR yana nuna tsuntsun da ke ɗauke da bairos a ranar da aka kama shi, kuma kwanaki kaɗan bairos ɗin ke yi a cikin jini. Gwajin jini kuwa yana neman sinadaran kariya da jiki ya samar, waɗanda ke nuna an taɓa kamuwa. Matsalar ita ce sinadaran da jiki ke samarwa a kan Usutu da na Yammacin Nilu sun yi kama ƙwarai, sai an ƙara wani gwaji mai tsada kafin a bambance su.

Amfanin wannan wahala ya bayyana a Holan. A watan Agustan 2020, tsarin da aka kafa ana bibiyar Usutu ya gano bairos ɗin Yammacin Nilu a jikin wani ɗan tsuntsu mai ƙaura kusa da birnin Utrecht, karo na farko a ƙasar. An taɓa kama wannan tsuntsu tun da farko a cikin shekarar, aka gwada shi ba a samu komai ba, abin da ya nuna cewa a can ya kamu. Kafin shekarar ta ƙare an samu mutanen da suka kamu a yankin.

Hanya ta uku ita ce kafa tarko mai fitar da irin iskar da dabba ke fitarwa a numfashi, wadda ke jawo sauro. Akan ware sauron jinsi-jinsi, a niƙa su rukuni-rukuni, a gwada. A Jamus, a jikin sauro aka fara ganin Usutu a 2010, shekara guda kafin tsuntsaye su fara mutuwa.

4.0 Matsayin Jemagu

A 2013 aka gano Usutu a ƙwaƙwalwar wasu matattun jemagu biyu a kudu maso yammacin Jamus. Ƙananan jemagu ne masu cin ƙwari, na jinsin Pipistrellus. Da aka kwatanta ƙwayoyin halittar bairos ɗin da na wanda ya kashe tsuntsaye a yankin, sai aka tarar kusan abu ɗaya ne. Daga baya masu bincike a Jami'ar Liège ta Beljiyam su ma suka same shi a jikin irin waɗannan jemagu.

Nan ne ake buƙatar taka-tsantsan wajen fassara sakamako. Samun bairos a jikin dabba yana nuna ta kamu ne kawai. Kafin a ce tana yaɗa shi, dole a nuna cewa yana taruwa a jininta da yawan da sauro zai iya kwasa, kuma sauron yana cizonta a kai a kai. Abin da ya sa masana ke lura da jemagu shi ne sukan kwana barcin hunturu a wuraren da sauro ma ke fakewa, ga shi kuma sauro na cikin abincinsu. Wannan ya haifar da tambayar ko suna da hannu wajen tsallakar da bairos ɗin daga wata shekara zuwa wata. Amsa ta yi wuya saboda dokar Turai ta kare jemagu, samfurin da ake samu galibi daga matattu ne ko waɗanda aka kai wuraren jinya, kuma ba su da yawa. Gaggawar ɗora musu laifi na iya jawo a far musu, alhali suna rage ƙwari.

5.0 Abin da Ƙwayoyin Halitta ke Bayyanawa

Karanta jerin ƙwayoyin halittar bairos ɗin ya ba da damar raba shi zuriya takwas: uku masu sunan Afirka, biyar masu sunan Turai. Idan zuriya ɗaya ta ci gaba da bayyana a wuri ɗaya shekara bayan shekara, alama ce ta cewa ta zauna. Idan sabuwa ta ɓullo, an shigo da ita ne. Binciken ya nuna Usutu ya shiga Turai fiye da sau ɗaya, kuma ana kyautata zaton tsuntsaye masu ƙaura ne suka kai shi. Da yawa daga cikin irin waɗannan tsuntsaye a yankin Sahel suke cin hunturun Turai, ciki har da dausayin Haɗeja da Nguru da gaɓar Tafkin Cadi. Duk da haka, samfuran da aka karanta daga Afirka ba su kai na Turai yawa ba ko kusa, don haka tarihin bairos ɗin ya fi haske a inda ya je baƙunta fiye da inda ya fito.

6.0 Kammalawa

Lamarin bai tsaya a kan tsuntsaye ba. A 2017, gwajin jinin masu ba da gudummawar jini a Ostiriya ya nuna mutum bakwai da alamar Yammacin Nilu, da aka zurfafa bincike sai shida suka kasance Usutu ne. Tunda akasarin waɗanda ake ƙara wa jini marasa ƙarfin jiki ne, sanin wuri da lokacin da bairos ɗin ke yawo ya zama wajibi ga asibitoci. Samun wannan sani ya dogara ne da haɗa sakamakon gawarwaki da na tsuntsaye masu rai da na sauro da na jemagu, tare da adana samfuri ko da ba a gane abin da ya kashe dabba ba. Yankin da ba a samu rahoton cutar ba, abu na farko da ya kamata a tambaya shi ne ko an taɓa nemanta a can.