Jadawalin Sau da Rabon Gado

Da yawa daga cikin manoman garin Dayi, idan suka ji 'ya'yansu suna rera biyu sau biyu huɗu, sukan ɗauka wata waƙa ce ta boko, alhali kuwa ilmin hisabi ne da malamanmu suka daɗe da naƙalta tun kafin zuwan Turawa, domin kuwa Shaihu Muhammadu Alkashinawi, mutumin Katsina wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya wallafa littafi a kan hisabin hatimai tun 1732.

Ninkin lamba shi ne duk adadin da za a kasa shi da wannan lamba ba tare da saura ba, kamar yadda 6 da 12 da 18 suke ninkin shida. Fa'idar sanin haka ba ta bayyana a ko'ina kamar yadda take bayyana a rabon gado. A ƙaddara magidanci ya rasu ya bar mata da mahaifiya da 'ya'ya maza, ya kuma bar masara buhu 48; shari'a ta ba matar sumuni, ta ba mahaifiyar sudusi, to malamin da zai yi rabon, kafin ya taɓa buhu ko ɗaya, sai ya nemi mafi ƙanƙantar adadin da takwas da shida za su iya kasawa su duka, wanda shi ne 24, kuma shi ne malaman fara'ili ke kira asalin mas'ala. Matar ta sami kashi uku, wato buhu 6, mahaifiyar kashi huɗu, wato buhu 8, sauran 34 na 'ya'ya. Wanda ya haddace jadawali ba tare da fahimta ba, nan zai cije.

Dattawa ma ba su manta da zamanin da kwabo 12 ke sule guda, sule 20 ke fam ba, kafin Naira ta zo a 1973, lissafin da shi ma sai da sanin ninki.

Akwai alamomi masu sauƙi na gane ninki. Ninkin biyar yakan ƙare da 5 ko sifiri. Ninkin tara kuwa, idan aka tara alƙalumansa, jimlar ita ma ninkin tara ce, kamar 72, inda 7 da 2 suka ba da 9.

Muna roƙon malaman firamare, bayan yara sun kammala hadda, su riƙa tambayarsu wane adadi ne shida da takwas suka yi tarayya a cikinsa.