Wa Ya Taɓa Yin Shelar Noman Firi?

Duk wanda ya yi damina a Babban Mutum ya san ɗan ƙwadago. Da an idar da sallar asuba zai saɓa hauyarsa ya bi hanyar gonaki, yana tafe yana duba hagu da dama. Gonar da aka nome tas ba ya ko tsayawa. Wadda yake nema ita ce wadda harƙiya da ƙarangiya suka fara shaƙe wa gero wuya, mako uku da shuka ba a sa mata hauya ba. Sai ya tambayi yaron da ke kiwo a gefe: «Kai, gonar wa ce wannan?» Kafin hantsi yana ƙofar gidan mai ita.

«Salamu alaikum. Baba, na biyo ta gonarka ta gabas, na ga ciyawa na neman fin ƙarfinta. In ka yarda mu yi jinga, jibi na gama.»

Mai gona bai aika sanƙira ba, bai sa an faɗa a masallaci ba. Wataƙila ma jiya ya kwana yana tunanin inda zai samo hannu. Shi ɗan ƙwadagon, ciyawa ce ta gaya masa akwai aiki.

Abin da ya sa na tuna da shi, ɗan yayana ne. Bayan ya gama NCE, sai da ya yi shekara uku aikinsa guda: ya ji an buɗe shafin ɗaukar ma'aikata, ya ruga shagon intanet, ya cike, ya dawo majalisa ya zauna. Kwastam, shige da fice, 'yan sanda, N-Power, babu wanda bai cike ba. Ban ga laifinsa sosai ba. Yaron da ya tashi a bakin iyaka yana ganin masu kaki suna tsayar da motocin da ke zuwa Magarya, dole kakin ya shiga ransa. Amma gonar da aka yi wa shela, kowa da hauyarsa yake zuwa. A watan Maris na 2014, sama da mutum rabin miliyan suka nemi guraben hukumar shige da fice da ba su kai 5,000 ba, kowa ya biya naira 1,000, aka yi turmutsutsu a filin wasa na Abuja da wasu garuruwa har aka rasa rayuka. Kunya ɗaya, manoma fiye da ɗari.

Na ce masa, «Ɗana, cike takardar nan ba haramun ba ne, ci gaba da yi. Amma tsakanin wannan shela da ta gaba, jiran gawon shanu kake.» Ya ce, «To Kawu, wurin wa zan je? Ni ba ni da kowa a sama.»

A nan ne matasanmu ke gauraya abu biyu. Suna ɗauka zuwa wurin mutum ba tare da ya kira ka ba maula ce. Ai da bambanci. Mai maula cewa yake, «Alhaji, a taimaka mini.» Ɗan ƙwadago cewa yake, «Alhaji, ga abin da ke damunka, ga hauyata.» Na farko nauyi ya kawo, na biyu nauyi ya zo saukewa, kuma Alhajin da ya ɓuya wa na farko shi ne zai shimfiɗa wa na biyu tabarma.

Ciyawar kuwa tana nan birjik, in mutum zai duba. Akwai ɗan kasuwar da ke sayen riɗi da wake buhu-buhu, lissafinsa duk a ka yake da bayan kwalin sigari, ranar da aka zo canjin sefa da naira sai gardama ta tashi. Akwai makarantar kuɗi da Islamiyya da ke da ɗalibai amma babu mai koyar da lissafi. Akwai rijiyar burtsatse mai amfani da hasken rana da ta tsaya wata biyu don babu wanda ya san kan wayoyinta. A kasuwar Mai'aduwa ranar Lahadi, masu dabbobi na neman amintaccen da zai karɓar musu kuɗi ta waya. Can Daura ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, ga Jami'ar Sufuri, ga aikin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar a 2021. Duk inda irin waɗannan suka sauka, ƙananan 'yan kwangila da masu shaguna kan biyo baya, su kuwa ba sa buga talla a jarida. Wanda suka gani a gabansu, ko wanda wani ya ce «na san shi, ba ya ha'inci», shi suke ɗauka.

Wani abu kuma da ɗan ƙwadago ya iya: in mai gona ya yi jim yana kallonsa, ba ya tsayawa rantse-rantse. Sai ya ce a bar shi ya nome kunya biyu a gani. Ba kyauta zai yi damina ba, a'a, kunya biyu ce kawai, sannan a yi ciniki. Kuma in ya yi noman firi da kyau, ba ya sake neman aiki a unguwar nan. Lokacin maimai aike za a yi masa, maƙwabcin gona ma ya ce a turo masa shi.

Ɗan yayan nawa dai ya yi ta nauyin ƙafa, sai da uwarsa ta sa baki. Ya je wurin wani mai sayen hatsi, ya ce a ba shi lissafin kasuwa ɗaya ya rubuta a littafi. A ranar ya gano buhu huɗu da aka biya sau biyu. Yanzu wata bakwai ke nan shi ke riƙe da littafin, kuma har gobe in an buɗe shafin kwastam yana cikewa.