Iska Na Wahalar Da Mai Kayan Kara: Yadda Ake Gwajin Mota A Cikin Kwamfuta

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce iska na wahalar da mai kayan kara. To, ba mai kara kaɗai take wahalarwa ba, har da mota. Duk motar da ta kama hanya sai ta ture iskar da ke gabanta kafin ta wuce, kuma mai take ƙonawa wajen wannan turi. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kowane direba a Jos ya san darajar lita guda. Ni ɗalibin Hausa ne, ba injiniya ba. Harshen uwata Izere ne, Hausa kuwa a unguwarmu ta Jos Jarawa na koye ta kafin in zo jami'a. Sha'awar ƙirƙiro kalmomin kimiyya da Hausa ce ta sa na zauna da wasu abokai masu karatun injiniya, na koyi yadda ake gwada iska a jikin mota da kwamfuta ba tare da an sayi manhaja ba. Wannan muƙala za ta bayyana yadda abin yake, da kuma inda ɗan koyo ya kamata ya yi hattara.

Mece Ce Turjiyar Iska?

Ƙarfin da iska ke ja da mota baya shi na kira turjiyar iska. Abubuwa huɗu ne ke ƙayyade shi: kaurin iskar wurin, faɗin fuskar motar, siffar jikinta, da kuma gudunta. A cikinsu gudu ya fi tsanani, domin idan aka ninka gudu sau biyu, turjiya kan ninku sau huɗu, ƙarfin da inji ke buƙata don ya rinjaye ta kuma ya ninku sau takwas.

Siffar jiki kuwa ana auna ta da wata lamba da injiniyoyi ke rubutawa Cd, wadda zan kira lambar turjiya. Gwargwadon ƙanƙantar lambar, gwargwadon sulɓin motar a cikin iska. Tsohuwar Volkswagen Beetle, wadda mutanenmu ke ce wa ƙwaro ko kunkuru, tana da kimanin 0.48 duk da kewayayyen jikinta. Audi 100 ta shekarar 1982 ta yi suna da 0.30, ita kuwa Mercedes EQS ta 2021 ta sauko har 0.20.

Bari mu ɗauki misali. Mu ƙaddara mota mai lamba 0.30, faɗin fuskarta murabba'in mita 2.2, tana gudun kilomita 100 a awa a bakin teku kamar Legas. Lissafi ya nuna iska na tura ta baya da ƙarfin da ya kai nauyin kilo 31. Idan ta rage gudu zuwa 50, abin bai kai kilo 8 ba. Amma Jos tana bisa tudu, kimanin mita 1,200 sama da teku, saboda haka iskarmu ta fi ta Legas rashin kauri da wajen kashi 10 cikin ɗari. Wannan mota ɗin a kan hanyar Jos zuwa Bauchi za ta fuskanci kusan kilo 28 ne. Ke nan duk wanda zai yi gwaji don hanyoyinmu sai ya shigar da kaurin iskar Filato, kada ya bar na bakin teku da ya tarar a cikin misalan da aka shirya.

Daga Zauren Iska Zuwa Kwamfuta

A da, babbar hanyar sanin lambar turjiya ita ce a kai mota ko ɗan samfurinta cikin wani dogon zaure mai katuwar fanka, a hura mata iska, a auna. Gina irin wannan zaure sai manyan kamfanoni da cibiyoyin bincike. Ko ƙwararren mai zane ba ya iya hango iska da ido. Jelani Aliyu, mutumin Sakkwato, shi ya zana samfurin farko na Chevrolet Volt da aka nuna a Amurka a 2007, amma motar da ta fito kasuwa a 2010 siffarta ta sauya sosai bayan an gwada ta a zauren iska.

Dokokin tafiyar ruwa da iska kuwa an daɗe da rubuta su. Navier na Faransa ya fara a 1822, Stokes ɗan Ireland ya kammala a 1845. Matsalar ita ce ba a iya warware wannan lissafi da alƙalami ga abu mai siffar mota. Dabarar da aka samo ita ce a yayyanka sararin da ke kewaye da motar zuwa ƙananan gurabe dubbai ko miliyoyi, kwamfuta ta riƙa lissafa gudun iska da matsinta a kowane gurbi, tana maimaitawa har amsa ta daidaita.

Manhajojin kasuwa masu wannan aiki suna da tsada ƙwarai, kuma da kuɗin waje ake biya. A nan ne OpenFOAM ta shigo. Henry Weller ya fara rubuta ta a 1989 a Kwalejin Imperial ta Landan, aka sake ta kyauta ga duniya a Disamba 2004. Ba kyauta kawai ba ce, buɗaɗɗiya ce: kowa na da izinin ya karanta yadda aka rubuta ta, ya gyara, ya ba wani. Tana da abokan tafiya su ma na kyauta, FreeCAD ko Blender don zana jikin motar, da ParaView don kallon sakamako.

Matakan Aiki

Abin da ke fara ba ɗan koyo tsoro shi ne OpenFOAM ba ta da maɓallan latsawa. A kan Linux take aiki, ko da yake ana iya girka ta a cikin Windows, kuma komai da rubutu ake umartar ta. Kowane gwaji yana da jakunkuna uku: ɗaya ta yanayin farko na iska, ɗaya ta halayen iskar, ɗaya ta tsarin lissafi. Matakan su ne kamar haka.

Na farko, zane. A zana motar a sauƙaƙe, a cire madubai da hannun ƙofa, a kuma tabbatar babu ɓula a jikinta, don in akwai ko ƙaramar kafa iska za ta kutsa ciki ta ɓata lissafi.

Na biyu, akwati. A gina babban akwati na ƙarya a sa motar ciki, a bar fili mai yawa a bayanta fiye da gabanta. A nan motar a tsaye take, iska ce ke tahowa, kuma ana sa ƙasan akwatin ya riƙa tafiya da gudun iskar kamar kwalta a ƙarƙashin mota mai gudu. Da yake dama da hagu na mota iri ɗaya ne, ana iya gwada rabi kawai a rage wa kwamfuta aiki.

Na uku, raga. Wannan ita ce kalmar da na zaɓa wa yanka sarari zuwa gurabe, domin abin ya yi kama da ragar masunta. Wani ɓangare mai suna blockMesh ke shimfiɗa manyan idanu, sannan snappyHexMesh ya ƙanƙanta su kusa da jikin motar. A nan mafi yawan wahala take. Raga mai manyan idanu takan bar ƙananan guguwoyi su kuɓuce, mai ƙananan idanu kuma takan cinye ƙwaƙwalwar kwamfuta.

Na huɗu, lissafi da kallo. A saki kwamfuta ta yi ta maimaitawa har lambar turjiya ta daina hawa da sauka, sannan a buɗe ParaView a ga launuka da layukan iska.

Manhajar na zuwa da misalai shiryayyu. Wanda ya fi dacewa da mu shi ne na babur da mahayinsa a cikin iska mai gudun mita 20 a daƙiƙa. A kan kwamfutata ta tafi-da-gidanka na gudanar da shi, kuma dabarar da yanayinmu ya koya mini ita ce in umarci manhajar ta riƙa adana aiki a kai a kai, saboda idan aka ɗauke wuta a ci gaba daga inda aka tsaya.

Matsalar Tana Baya

Babban abin da gwajin ke nunawa shi ne yawancin turjiyar mota daga baya take fitowa. Iska kan bi jikin mota lami lafiya har ta iso inda rufi ya ƙare, sai ta rabu da jiki ta shiga hargitsi. Matsin iska a wannan wuri kan faɗi, sai ya zama kamar ana tsotson motar ta baya.

A 1984 S. R. Ahmed da abokan aikinsa biyu a cibiyar binciken jiragen sama ta Jamus suka ƙera wani samfuri don nazarin wannan al'amari. Kamar bulo yake, tsawonsa milimita 1,044, gabansa a kewaye, bayansa da gangara wadda ake iya sauya kusurwarta. Sun gano cewa idan gangarar ta kai kimanin digiri 12, lambar turjiya na wajen 0.23. Da aka ƙara ta zuwa digiri 30, lambar ta haura kusan 0.38, da aka wuce nan kuma sai ta faɗo kwatsam zuwa wajen 0.26. Dubi yadda 'yar karkata kaɗan a bayan mota ke sauya lissafin mai.

Wannan samfuri na Ahmed shi ne ma'aunin gaskiya ga ɗan koyo. Kwamfuta ba ta ƙin ba da hoto mai kyau ko da an ba ta bayanan banza, abin da ka shuka shi za ka girba. Saboda haka kafin mutum ya gwada motar da ya zana, ya fara gwada samfurin Ahmed, ya kwatanta amsarsa da wadda aka auna a zauren iska. Sannan ya ƙanƙanta idanun raga ya sake gwadawa. In lambar ta sauya da yawa, to ragar farko ba ta isa ba. Ya kuma sani cewa hanyoyin da ake bi a ƙiyasta hargitsin iska sukan yi kuskure a gangarar digiri 25, har a hannun ƙwararru. Don haka kwamfuta ta fi amfani wajen kwatanta siffa biyu, a ga wadda ta fi, fiye da ba da lamba ɗaya da za a rantse a kanta.

Amfaninsa Gare Mu

Wani zai ce ina ruwan mutumin Jos da wannan, tunda ba ma ƙera mota? Duk wanda ya je kasuwar Farin Gada ya ga yadda ake lodin kabeji da karas da tumatir a kan J5 da ƙananan motoci, wasu har bisa rufi, wasu kuma but a buɗe an ɗaure da igiya. Mu koma ga misalinmu: in kayan rufi suka ƙara faɗin fuska zuwa murabba'in mita 2.7, lambar kuma muka ƙaddara ta hau 0.40, turjiya ta ƙaru da fiye da kashi 60 cikin ɗari. Shin lulluɓe kayan da tamfol a ɗaure tamau zai rage? Shin gara a matsar da su baya ko gaba? Waɗannan tambayoyi ne da ɗalibi zai iya gwadawa a ɗakinsa, kuma babu kamfanin Turai da zai yi mana su. Haka nan ɗalibai masu ƙera motocin gasa, irin na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da na Legas da na Benin da suka shiga gasar tsimin mai ta Shell a Rotterdam, za su iya gwada siffa goma kafin su yanka ƙarfe ko guda.

Kammalawa

A taƙaice, mun ga cewa abin da a da sai mai zauren iska, yau yana hannun duk ɗalibin da ke da kwamfuta da haƙuri. Shawarata ga mai son farawa ita ce ya bi misalan da suka zo da manhajar, ya wuce zuwa samfurin Ahmed, sannan ya taɓa motarsa, domin da rarrafe yaro kan tashi. Ga 'yan'uwana ɗaliban Hausa kuwa, ga kalmomi nan na ajiye: turjiyar iska, lambar turjiya, raga, zauren iska. Wanda ya ga waɗanda suka fi su dacewa ya kawo a fitowa ta gaba mu tattauna, don mu iya yi wa direba da makanike bayanin wannan ilimi da harshen da suke ji.