Karatun Da Iyalai Suka Yi A Kan Hanyar Makka Ta Ƙasa

A ƙasar Tambuwal da Kebbe, kamar sauran ƙasar Sakkwato, akwai gidajen da in an tambayi labarin kakanninsu a kan ce wane ya tafi Gabas da iyalinsa, ya yi shekara kaza ya komo, wani kuwa ya tafi bai komo ba. Samarin yanzu su kan ji wannan su ɗauka labarin wahala ne kurum. Wahala kam an sha ta, ba mu musu. Amma mu a ganinmu tafiyar nan makaranta ce wadda mai gida da matarsa da 'ya'yansu su ke shiga tare, kuma abin da a ke koya cikinta ya isa a rubuta shi tun masu saninsa ba su ƙare ba.

Fita neman ilmi ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Tambuwal kanta ribaɗi ce ta Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu, wanda shi ma malami ne. Malamin Shehu kuwa, watau Malam Jibrila ɗan Umaru, ya je Makka, ya kuma zauna da malaman Masar kafin ya komo ya karantar. Daga baya, sa'ad da Turawa suka ci Sakkwato cikin watan Maris 1903, Sarkin Musulmi Attahiru na farko ya nufi Gabas da jama'a mai yawa. Aka kashe shi a Burmi cikin watan Yuli na shekarar nan, amma ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya wuce da sauran mutane har bakin Shuɗin Nilu a ƙasar Sudan. Garin da suka kafa kusa da Sinnar har yau sunan Mai Wurno ya ke amsawa. Tun daga nan mai tafiya Makka ta ƙasa ya san akwai 'yan'uwa a gaba waɗanda za su ba shi masauki.

To, bari mu bi hanyar yadda magidanci ya kan bi ta kafin jirgin sama ya yawaita. Ya kan jira kaka, ya kau da amfanin gona, ya sayar da abin da zai sayar, ya sallami dangi. Mutumin Kebbe ko Tambuwal ya kan bi ta Gummi da Anka ya fita Gusau, inda a ke samun jirgin ƙasa. Daga nan sai Kano, sai Maiduguri, sai a haye kogi a Kusuri a shiga For Lami, wadda aka mayar da sunanta Njamena cikin 1973. Sa'an nan a miƙa zuwa Abeshe, babban birnin Wadai, a shiga Sudan ta Jinaina, a bi ta Fashir har Ubayyid, inda a ke sake samun jirgin ƙasa. Shi ne zai kai mutum Kosti da Sinnar, har bakin Bahar Maliya, a shiga jirgin ruwa a Sawakin a sauka Jidda. Tsawon hanyar ya fi mil 2,000.

Kaɗan ne ke da guzurin da zai kai su kai tsaye. Saboda haka in kuɗi ya ƙare sai a yada zango a nema. Bayan an gama madatsar ruwa ta Sinnar cikin 1925 aka buɗe manyan gonakin auduga na Jazira, mutanenmu kuwa suka zama cikin masu noma su da tsince su. Mai gida ya yi ƙodago ko ɗinki ko ya buɗe makarantar allo, uwargida ta soya ƙosai ko ta yi ƙuli-ƙuli ta sayar, yara su yi talla. Ta haka tafiyar da aka yi niyyar gamawa cikin shekara guda ta kan kai shekara biyar ko goma. Wannan daɗewa kuwa ita ce ta sa tafiyar ta zama karatu, domin wanda ya zauna da mutane shekara guda, ya ci kasuwa da su, ya bi limaminsu salla, tilas ya san halinsu.

Darasin farko a bakin murhu a ke ɗaukarsa, kuma mata ne ɗalibansa. A Cadi da Darfur uwargida za ta tarar da tuwon gero da miyar busasshiyar kuɓewa, ta ce ai gida ta zo. Amma za ta ga tafasa, wadda mu mu ke kwaɗawa, su a can daka ganyenta su ke yi su rufe cikin tukunya a ƙasa har ya ruɓa, su shanya, su sa a miya yadda mu ke sa daddawa. Sunan abin kawal. In an shiga tsakiyar Sudan sai kisra, watau ƙullun dawa mai tsami da a ke shimfiɗawa a kan faifan ƙarfe mai zafi, ya fito fale-fale kamar takarda. Da safe a kan ci ful, wani irin babban wake ne da a ke dafawa har ya yi laushi a zuba masa man riɗi. Gahawarsu da citta a ke dafa ta, zoɓonmu kuwa karkade su ke ce masa. Su ma sun koya daga wurinmu. Naman da a ke barbaɗa wa ƙuli da yaji a gasa, wanda Hausawa suka kai can, har yau agashe a ke kiransa a kasuwannin Sudan.

Darasi na biyu harshe ne, a nan kuwa yara su ke tsere wa iyayensu. Malam ya san Larabcin littafi, ya karanta Ahalari da Ishmawi da Risala, amma in ya shiga kasuwar Abeshe ko ta Ubayyid sai ya ji wani Larabci daban wanda ba ya cikin littafi. Yaron da ya yi damina guda yana wasa da 'ya'yan gari shi ne ke zama tafintan ubansa. Da yawa cikin yaran nan sun komo gida da Larabci a baki tun ba su balaga ba.

Darasi na uku, wanda ya fi sauran nauyi, shi ne na addini. Daga Barno har Sudan mazhabar Maliku a ke bi, makarantar allo kuma tana nan da allonta da tawadarta, sai dai halwa su ke ce mata. Amma yaron da ya tashi da ruwayar Warshu zai ji yaran tsakiyar Sudan suna karatu da ruwayar Duri, in ya isa Hijaz kuma ya ji ta Hafsu. Ubansa ya san Ƙadiriyya da Tijjaniyya, sai ga Hatmiyya da Sammaniyya, ga kuma Ansaru mabiya Mahadi, wanda kabarinsa ke Umdurman. A Makka zai tsaya sahu ɗaya da Bashafi'e daga Jawa da Bahanife daga Hindu, su su yi ƙabalu, shi ya yi sadalu, duk suna fuskantar Ka'aba ɗaya. A Madina kuwa, har zuwa rasuwarsa cikin 1931, akwai Alfa Hashim, wanda ya tsira daga yaƙin Burmi, mutanen ƙasarmu su kan sauka wurinsa su yi karatu. Malamin da ya ga duk wannan da idonsa, in ya komo garinsu ba ya saurin cewa sallar maƙwabcinsa ta ɓaci don ya ga hannunsa a wani wuri daban.

Da zamani ya juya gwamnati ma ta bi hanyar nan don neman ilmi. Malam Abubakar Gumi, wanda ya yi elamantare a Dogon Daji cikin ƙasar Tambuwal, yana cikin malaman da Gwamnatin Jihar Arewa ta aika Bahtar Ruda, makarantar horon malamai da ke bakin Farin Nilu, cikin 1954. Daga can ya wuce aikin hajji cikin 1955, shekarar da Sardauna Ahmadu Bello ya yi nasa na farko. Ya komo ya zama Alƙalin Alƙalai na Arewa cikin 1962, daga baya ya fassara Alƙur'ani da Hausa.

Yau alhaji ya kan tashi daga filin jirgin sama na Sakkwato ya sauka ƙasa mai tsarki cikin sa'o'i kaɗan. Mun gode Allah da wannan sauƙi, domin hanyar ƙasa ta ci rayuka da yawa, ƙishirwa da cuta da 'yan fashi sun raba 'ya'ya da iyayensu. Amma sauƙin ya zo da rashi. Alhajin yanzu shi kaɗai ya kan tafi ba da yara ba, ya sauka gida ɗaya da mutanen jiharsa, a dafa masa abincin da ya saba, ya komo bayan mako biyar ko shida bai yi hira da baƙo ko ɗaya ba. Hanyar ƙasa kuwa ta toshe, gama yaƙin da ya ɓarke a Sudan cikin watan Afrilu 2023 ya ɗaiɗaita Jinaina da Fashir, garuruwan da kakanninmu suka sha ruwansu.

Saboda haka muna roƙon malaman makaranta da ma'aikatan hukuma na Tambuwal da Kebbe, da na Dogon Daji da Kuchi da sauran garuruwa, su ɗauki wani ɗan aiki wanda ba ya bukatar kuɗi. Kowane malami ya bincika ko a garin da ya ke aiki akwai tsoho ko tsohuwar da aka tafi da su Gabas suna yara, ko wanda ya ji labarin daga bakin mahaifinsa. Ya je ya gaishe su da ladabi, ya tafi da littafi da alƙalami. Ya tambayi shekarar da aka tashi da sunan kowane zango, da sana'ar da aka yi, da abincin da aka ci, da malaman da aka yi karatu wurinsu, da littattafan da aka zo da su, da dangin da suka tsaya a can. Kada a manta da tsofaffin mata, don su ne suka san labarin murhu da na kasuwa. In an rubuta, sai a zana taswirar hanyar a allon aji, yara su bi ta da yatsa daga ƙofar gidansu har Jidda, a kuma ajiye kwafi ɗaya a makaranta, ɗaya a fadar hakimi.

Allah ya jiƙan waɗanda suka kwanta a kan hanyar nan, ya ba 'yan'uwanmu na Sudan zaman lafiya, amin.