Ɓoyayyar Ma'ana a Finafinan Sadaukai: Nazarin Hasashen 'Yan Kallo a Kan Fim Ɗin Black Panther

1.0 Gabatarwa

Neman ma'anar da ke ƙarƙashin zance ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Wanda ya tashi cikin habaici da zambo da gugar zana da hannunka-mai-sanda ya riga ya san cewa abin da aka faɗa a fili ba lallai ne ya zama abin da ake nufi ba. Da wannan tarbiyya yake shiga gidan sinima, kuma da ita yake fitowa yana warware abin da ya gani. Manufar wannan maƙala ita ce ta dubi ire-iren hasashen da 'yan kallo ke yi game da ɓoyayyar manufa da alamtarwa a finafinan sadaukai na Amurka, sannan ta nuna yadda manazarci zai tantance wanda ke da madogara daga wanda ba shi da ita. An zaɓi fim ɗin Black Panther domin ya taɓo Nijeriya kai tsaye, kuma an nuna shi a gidajen sinima na Abuja, irin su Silverbird, tun daga watan Fabrairun 2018.

2.0 Ma'anar Kalmomi

Abin da ake nufi da finafinan sadaukai shi ne waɗanda taurarinsu ke da ƙarfi ko baiwar da ta wuce ta ɗan'adam, suna kuma amfani da ita wajen yaƙar azzalumai. Irin wannan tauraro yana nan a adabin Hausa. Akwai Ganɗoki na Bello Kagara, wanda ya fito daga gasar ƙaga labarai ta 1933, da kuma Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, wanda aka gina a kan labarin wani sadaukin Rasha mai suna Ilya Muromets. Alamtarwa kuwa, kamar yadda manazarta adabin Hausa ke amfani da kalmar, ita ce a kawo wani abu ya tsaya a madadin wani ba tare da an ambaci na biyun ba. Shi kuma hasashen 'yan kallo shi ne bayanin da masu sha'awar fim ke ginawa da kansu, su yaɗa shi a zaurukan hira da kafofin sada zumunta, kan abin da suke ganin masu fim sun ɓoye.

3.0 Taƙaitaccen Bayani Kan Fim Ɗin

Kamfanin Marvel ne ya shirya fim ɗin, Ryan Coogler ya ba da umarni, marigayi Chadwick Boseman kuma ya fito a matsayin T'Challa, sarkin wata ƙagaggiyar ƙasar Afirka mai suna Wakanda. Ƙasar ta mallaki wani ma'adini da ake kira vibranium, ta ci gaba ƙwarai a fasaha, amma ta ɓoye kanta daga duniya, Turawan mulkin mallaka ba su taɓa cin ta ba. Abokin hamayyar sarkin shi ne ɗan baffansa, Killmonger, wanda ya girma a Amurka cikin maraici, ya dawo neman sarauta domin ya raba wa baƙar fatar duniya makamai. Fim ɗin ya tara kuɗi sama da dala biliyan 1.3.

4.0 Rabe-raben Hasashe

Idan aka dubi hujjojin da ake kafawa da su, za a iya kasa hasashen 'yan kallo gida uku.

4.1 Hasashe Mai Shaida Biyu

Wannan shi ne wanda ke da shaida a cikin fim, sannan masu fim suka tabbatar da shi. Alal misali, a fitowar gidan caca ta birnin Busan na Koriya ta Kudu, T'Challa ya sa baƙaƙen kaya, Okoye ja, Nakia kuma kore. 'Yan kallo sun ce launukan tutar haɗin kan baƙar fata ne, Coogler kuma ya bayyana cewa da gangan aka yi. Haka nan rubutun Wakanda an samo wani ɓangarensa ne daga Nsibidi, tsohon tsarin alamomi na al'ummun Ejagham da Efik da maƙwabtansu a yankin Kuros Riba. Harshen da ake yi a fadar Wakanda kuwa Xhosa ne na Afirka ta Kudu, harshen John Kani wanda ya fito a matsayin mahaifin T'Challa. A irin wannan hasashe aikin manazarci bai wuce tabbatarwa da bayani ba.

4.2 Hasashe Mai Shaida Ɗaya

A nan shaidar tana cikin fim ko cikin tarihi, amma ba ta kai ga tabbatar da niyyar mai fim ba. Mafi shahara shi ne cewa T'Challa na wakiltar tafarkin lalama na Martin Luther King, Killmonger kuma na wakiltar zafin Malcolm X. Akwai kuma masu cewa vibranium alama ce ta ma'adinan ƙasar Kwango, waɗanda suka jawo mata fitina maimakon arziki.

Wani misali shi ne fitowar gidan adana kayan tarihi na Landan, inda wata Baturiya masaniya ta danganta wani makami ga Fulani na ƙasar Bini a ƙarni na 7. Duk wanda ya san tarihin Nijeriya ya san Bini ƙasar mutanen Edo ce. Wasu sun ɗauki wannan a matsayin kuskuren marubuta, wasu kuma suka ce gugar zana ce ga masu riƙe da kayan da ba su san asalinsu ba, tun da nan take Killmonger ya ƙaryata ta, ya tuna mata cewa sojojin Ingila ne suka kwaso kayan. Tarihi ya goyi bayan wannan tunasarwa, domin a 1897 ne sojojin Ingila suka ƙona Bini suka kwashe kayan fadar Oba Ovonramwen, kuma a watan Disambar 2022 gwamnatin Jamus ta miƙa wasu daga cikinsu a Abuja.

A wannan rukuni ne hasashen Bahaushe ke da armashi. Kirarin damisa a Hausa shi ne "ƙi sabo", Wakanda kuma, wadda damisa ce alamarta, ƙasa ce da ta ƙi sabo da kowa. Babu dalilin zaton masu fim sun san wannan kirari. Duk da haka fassarar ta zauna daram, domin ta dace da jigon labarin. Ma'ana ce da mai kallo ya zo da ita daga al'adarsa, kuma tarke ya yarda da ita matuƙar ba a jingina ta ga niyyar mai fim ba.

4.3 Hasashe Mai Cin Karo da Shaida

Akwai masu cewa an raɗa wa tauraron suna ne daga ƙungiyar Black Panther ta baƙar fatar Amurka. Lissafin watanni ya rushe wannan zance. Stan Lee da Jack Kirby sun fito da tauraron a mujallar zane mai ɗauke da kwanan watan Yulin 1966, Huey Newton da Bobby Seale kuwa sun kafa ƙungiyarsu a Oakland a watan Oktoban shekarar. Hasali ma a 1972 kamfanin ya ɗan sauya wa tauraron suna zuwa Black Leopard don guje wa wannan dangantawa. Sai dai a lura cewa fim ɗin na 2018 ya sanya asalin rikicinsa a Oakland a 1992, garin su Coogler. Ke nan hasashen ya faɗi dangane da asalin suna, amma yana da sauran ƙarfi dangane da fim ɗin kansa.

5.0 Fitowar Dajin Sambisa

Fitowar da ta fi shafar Arewacin Nijeriya ita ce ta farkon fim, inda T'Challa ya tare ayarin 'yan bindiga a dajin Sambisa ya kuɓutar da matan da aka sace. Ba a ambaci Boko Haram ba, amma hannunka-mai-sanda ne a fili ga sace 'yan makarantar Chibok 276 a watan Afrilun 2014, abin da ya sa masu fafutika suka yi ta zaman dirshan a dandalin Unity Fountain na Abuja.

Fassara biyu ta fito daga nan. Ta farko ta ce fim ɗin ya tuna wa duniya da waɗannan 'yan mata. Ta biyu ta kafa hujja da kalmar "wallahi" da aka sa a bakin ɗaya daga cikin 'yan bindigar, ta ce an ɓoye manufar ɓata Musulunci, musamman ganin cewa wani jami'in leƙen asirin Amurka ne aka nuna a matsayin aminin Wakanda. Abin da shaida ta nuna shi ne cewa fitowar ta nuna Arewa ta fuska ɗaya tak, wato ta ta'addanci, kuma wannan suka ce da za a iya karewa. Amma cewa an ƙulla hakan da niyya da'awa ce ta daban, wadda kalma ɗaya ba ta isa ta tabbatar ba. Bahaushe na rantsuwa da wannan kalma a kasuwa da gida, mai gaskiya da maƙaryaci, kuma mafi yawan waɗanda rikicin ya halaka a Borno da Yobe su ma Musulmi ne masu furta ta. Bambance tasirin fitowa daga niyyar mai ita shi ne abin da hasashen 'yan kallo ya fi gazawa a kai.

6.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a ga cewa hasashen 'yan kallo wani nau'i ne na tarken adabi, wanda jama'a ke yi ba tare da sun shiga aji ba. Ma'aunai uku ne za su taimaka wajen tace shi: shin akwai shaida a cikin fim ɗin, shin tarihi ya goyi baya, sannan shin ana magana ne a kan ma'ana ko a kan niyya. An kuma ga cewa kalmomin nazari na Hausa, irin su alamtarwa da gugar zana da hannunka-mai-sanda, sun wadatar wajen feɗe fim ɗin da aka shirya da wani harshe. Fagen da ya cancanci bincike nan gaba shi ne na finafinan ƙetare da ake juyawa zuwa Hausa a Kano, kamar yadda kamfanin Algaita ya shahara da yi, domin a can mai fassara kan shigar da tasa fahimtar cikin bakin tauraro tun kafin mai kallo ya fara nasa hasashen.