Teɓa Da Jiragen Da Ke Cikin Jini

'Yan'uwana ɗalibai, a wurinmu kadan mutum ya ajiye teɓa, sai a ce ya samu duniya. Likitoci kuwa ba haka su ke gani ba.

Cikin jinin kowane ɗan Adam akwai wani abu mai kama da kakin zuma, sunansa kolestarol. Ba dafi ba ne, gama hanta ce ta ke yin yawancinsa, jiki kuma ba ya zama sai da shi. Amma kowa ya sani mai ba ya garwaya da ruwa. Saboda haka sai an loda shi cikin waɗansu 'yan ƙwayoyi kafin jini ya ɗauke shi, kamar yadda a ke loda kaya a jiragen Binuwai. Cikin 1950 wani likita a Amurka, John Gofman, ya nuna jiragen nan iri iri ne, hatsarinsu kuma ba ɗaya ba ne.

Waɗanda a ke kira HDL su ke komar da kolestarol hanta. LDL kuwa su ke kai shi gari gari cikin jiki, su ne kuma su kan maƙale cikin bangon jijiya har hanyar jinin zuciya ta ƙuntata.

To, ga inda ƙiba ta shigo. Kitsen da ke kewaye da hanji ya kan tura mai kai tsaye zuwa hanta. Sa'an nan hanta ta cika jini da mai, HDL su ragu, LDL kuma su zama ƙanana masu nauyi. Ƙananan nan sun fi daɗewa cikin jini, sun kuma fi saurin kutsawa cikin bangon jijiya.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, mutum biyu su na iya zama da kaya daidai wa daida, ɗaya cikin manyan jirage goma, ɗaya cikin ƙanana ashirin. Awon da aka saba yi a asibiti kayan ya ke aunawa, watau mai teɓa ya na iya komawa gida da murna alhali jiragensa sun yi yawa. Akwai wani awo, ApoB, shi ne ya ke ƙidaya jiragen, domin kowane LDL ya na ɗauke da ApoB guda ɗaya tak.

Mu da za mu fita mu kama albashi, mu bar tafiya ƙasa mu hau babur, sai kowa ya sami igiya ya auna tsawonsa, ya ninka ta biyu, ya kewaya cikinsa da ita wajen cibiya. Kadan ba ta kai ba, lalle ya kamata ya ga likita.