Masana'antar Motar Lantarki da Unguwar da Aka Rushe

Shirinmu na yau zai kai mu jihar Michigan ta Amurka, wani ɗan ƙaramin gari mai suna Hamtramck, wanda birnin Detroit ya kusa zagaye shi ta ko'ina.

Motar lantarki dai kasuwarta ta buɗe. A shekarar 2023 an sayar da kusan miliyan 14 a duniya, fiye da rabinsu a ƙasar Sin. Tun kafin nan kamfanonin Amurka sun ga idan ba su tashi tsaye ba za a bar su a baya. Shi ya sa a 2020 General Motors ya ware dala biliyan 2.2 ya sabunta masana'antarsa da ke kan iyakar Detroit da Hamtramck, ya raɗa mata suna Factory Zero, aka koma ƙera motoci masu batir zalla. Shugaban Amurka na lokacin, Joe Biden, da kansa ya je ya tuƙa ɗaya a watan Nuwamban 2021.

To amma filin da masana'antar ke kai ba daji ba ne aka sare. Unguwa ce sukutum, ana ce mata Poletown, saboda 'yan ci-rani daga ƙasar Poland da suka kafa ta, kafin baƙaƙen fata da Larabawa da wasu ƙabilu su shigo su zauna. A 1981 hukumomin birnin Detroit suka ƙwace filin suka miƙa wa kamfani, da hujjar samar da ayyukan yi. Mutane sama da 4,000 aka tasa. Gidaje fiye da dubu, shaguna, makarantu, coci-coci, har da asibiti, duk katafila ta bi ta kansu. An biya diyya, gaskiya ne, wasu ma sun karɓa da murna. Wasu kuwa suka ce ba inda za su. Tsofaffin mata suka tare a cikin cocin Immaculate Conception dare da rana, sai da 'yan sanda suka fito da su kafin a rushe ginin. Abu ɗaya da ya tsira shi ne tsohuwar maƙabartar Yahudawa ta Beth Olem, wadda har yau tana cikin harabar masana'antar, sau biyu a shekara ake buɗe wa masu ziyara ƙofa.

Wannan labari ba za ka ji shi a tallar mota ba. Inda ake riƙe da irinsa shi ne ƙananan gidajen tarihi na al'umma, kamar na Hamtramck da ke kan titin Joseph Campau, wanda 'yan sa-kai ke tafiyar da shi a cikin wani tsohon kanti. Kayansa na mutanen gari ne: hotunan iyali, takardu, kayan aiki, da tarihin masana'antar Dodge da ta jawo dubban ma'aikata tun 1910 har aka rufe ta a 1980. Garin kuma ya canza fuska. 'Yan asalin Yaman da Bangaladash sun cika shi, har a 2015 Musulmi suka zama masu rinjaye a majalisar gari. Yaron da iyayensa suka zo daga Yaman, idan ba a irin wannan ɗaki ba, ina zai ji cewa a bayan katangar masana'antar da yake wucewa kullum akwai lokacin da ake ɗaura aure ana raɗin suna?

A ganina manyan gidajen tarihi sun fi iya nuna ƙarfe. Je ka gidan tarihin Henry Ford a Dearborn, za ka ga motar lantarki ƙirar Detroit Electric ta 1914 wadda Clara, matar Ford, take hawa, alhali mijinta na cika duniya da motar fetur. Abin sha'awa ne ƙwarai. Sai dai wanda aka tasa daga gidansa ba shi da mota mai sheƙi da za a ajiye a zaure, hoto ne da tsohuwar takardar gida, kuma maƙwabcinsa ne kaɗai zai ga darajarsu.

Ta fuskar shari'a kuwa, Kotun Ƙolin Michigan ce ta halasta ƙwace filin Poletown a 1981. A 2004 kotun nan dai ta warware hukuncinta, ta ce bai halasta a karɓi gidan mutum a ba kamfani don kawai bunƙasa tattalin arziki ba. Lokacin masana'antar ta kusa shekara ashirin tana aiki.